Rabin sa'a tsakanin Zariya da Kaduna

Talata, bayan isha'i.

Da asuba Yaya ya kira Umma, ya ce ya ɗauko lodin tumatir daga Kura zai kai Legas, kuma zai tsaya a Ɗan Magaji a nan Zariya a duba masa taya. Wata biyu ke nan rabon mu da shi. Umma ta dama fura, ta zuba dambu a kula, ta ce in kai masa tunda ba ni da lacca sai bayan azahar.

Hazo ya sauko sosai yau. Na shiga keke daga Samaru, mun hau titin Kaduna ke nan daga Kwangila sai ga wata tirela ta taho daga wajen Kano tana danna ham ba ƙaƙƙautawa. Iskarta kaɗai sai da ta girgiza mu. Wani yaro mai tallar rake da ya sa ƙafa zai tsallaka ya yi tsalle baya, farantin ya kife, raken ya watse a kan kwalta. Tsohuwar da ke kusa da ni ta damƙe hannuna tana salati, ba ta sake ni ba sai da ta sauka. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne, Yayana ma irin wannan motar yake ja.

Na same shi a tsugune gefen taya shi da yaron motarsa, idanunsa sun yi ja, bakinsa da goro. Kwanduna jibge har sama, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun taru. Kafin ya shanye furar, mai kaya ya kira shi sau uku. Kowane kira amsa ɗaya ce: “Ranka ya daɗe, muna hanya, in sha Allahu.” Da ya ajiye wayar sai ya nuna mini ɗigar nan, ya ce, “Ƙanena, ka ga wannan? Kuɗin mutum ne ke zuba. Kilomita wajen 1,000 ne daga Kano zuwa Legas, kuma in kaya suka ruɓe, direba ake kallo.”

Na ba shi labarin yaro mai rake, na tambaye shi gudun da doka ta yarje wa tirela. Ya san shi kamar sunansa: kilomita 45 a sa'a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya irin wannan tamu, inda ƙaramar mota ke da damar yin 100. Tanka ma haka. Ya ce tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, amma ya san direbobin da ke zuwa wajen mai wayarin a kwance musu ita. Na ce, “Yaya, taka fa?” Ya ce tana nan. Na kalli idonsa, kuma na yarda da shi.

Amma raina bai kwanta ba, sai na yi masa lissafi a bayan littafina. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne. A gudun 60, sa'a ɗaya da minti 20. A gudun 90, minti 53. Abin da aka ci riba bai cika rabin sa'a ba. Amma a 90 motar na cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafa ta kai ga birki, kuma tazarar da birkin ke buƙata ta tsaya ta haura ninki biyu na ta 60. A hazo irin na yau, kafin ka hango abu ka riga ka isa kansa. Ba na ɗora wa direbobi laifin duka, na ji kiran mai kaya da kunnena. Sai dai mai kaya yana zaune a rumfarsa, wanda ke cikin kan motar ɗan Ummana ne.

Da yamma na ba Baba labari, shi da ya tsufa a kan sitiyari. Ya ce mota mai lodi ba birki ke tsai da ita ba, giya ce. A gangara, wanda ya dogara da birki kaɗai zai taka har ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake sauko da giya tun daga saman tudu. Ya yi shiru, can ya ce akwai abokansa biyu da gangara ta ci, bai ƙara komai a kai ba.

Yaya ya bar Ɗan Magaji ƙarfe 11:00, ya kira daga Kawo, mashigar garin Kaduna, 12:30 ta ɗan gota. Na duba agogo na ji daɗi har cikin raina. Yanzu ya ce zai kwanta ya ɗan runtsa kafin ya ci gaba. Umma na kan sallaya, wayar na ajiye kusa da carbinta.