Inda na kai da amigdalar ɓera

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Girbin gero ne ya ɓoye ni a nan gefen Ringim, amma karatu bai tsaya ba. Da dare, in batirin sola ya samu caji, taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Cibiyar Allen nake buɗewa a intanet, ina nazarin amigdala, wato wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da aka fi dangantawa da tsoro.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: Paul Allen, abokin Bill Gates wajen kafa Microsoft, shi ya kafa cibiyar a Seattle ta Amurka a 2003, kuma a 2007 aka wallafa bayanin taswirar a mujallar Nature. Ƙwayoyin halitta (genes) kusan 20,000 suka bi ɗaya bayan ɗaya, a ƙwaƙwalwar ɓeraye maza 'yan kwana 56. Ana yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, a sa wani sinadari da ke kama RNA ɗin ƙwayar da ake nema, wato saƙon da take fitarwa in tana aiki, duk inda take aiki sai wurin ya yi duhu. Kallo kyauta ne, data kawai yake ci, shi ya sa nake sauke hotunan cikin dare in duba su da safe.

Yanzu ina gane amigdala ba tare da na leƙa taswirar sunaye ba. Ku zaɓi yankan da aka yi a gicciye, daga kunne zuwa kunne, in akwai shi, don ba kowace ƙwaya aka yi wa irinsa ba. Ku gangara can ƙasa ta gefe, za ku ga wani farin layi ya rabu biyu ya rungumi wani ɗan yanki. Wannan shi ne sashen amigdala da ake kira BLA. Ku rubuta sunan ƙwayar halitta Slc17a7 a wurin bincike: sai ya yi duhu sosai, maƙwabcinsa na ciki, wato CeA, ya zauna fari fat. Ku sauya zuwa Gad1, sai abin ya juye, CeA ya cika da ɗigo, BLA kuwa tsilli-tsilli. Dalili shi ne yawancin ƙwayoyin jijiyar BLA masu zuga ne, da sinadarin gulutamet suke aika saƙo, na CeA kuma masu taka birki ne, da sinadarin GABA. Wadda ta fi burge ni ita ce Prkcd, ɗan dunƙule guda a gefen CeA. Sai dai a kula, talamus, wani sashe dabam na ƙwaƙwalwa, shi ma yana ɗaukar launinta da ƙarfi, kada ido ya tafi can.

Wani ɗan'uwanmu a Dutse ya ce in bar kallon hoto in faɗa lissafi kai tsaye. Malam, ban yarda ba. In aka yanko amigdala gaba ɗaya aka markaɗe aka auna, tamkar an haɗa gero da dawa ne an kai niƙa: garin zai fito, amma ba mai iya ce maka ga na wannan ga na wancan. Tun a 2001 ɗakin binciken David Anderson a jami'ar Caltech ta Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin halittar da suka fi aiki a amigdala kowace tana da sashen da ta tsaya, ba ta ƙetare iyaka. Wanda bai san iyakokin da idonsa ba, lambobi za su yi ta wasa da shi.

Haka kuma mu rage kiran amigdala gidan tsoro. A 2016 ɗakin binciken Susumu Tonegawa a jami'ar MIT ta Amurka ya gano rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya a cikin BLA: masu Rspo2 ta gaba, suna amsa abin ƙi, masu Ppp1r1b ta baya, suna amsa abin daɗi, kuma kowane yana danne ɗan'uwansa. Sannan ɓerayen taswirar ba a gwada su da tsoro ko lada ba. Sanin abin da tsoro ke tayarwa sai an koma ga ƙwayoyin halitta irin su Fos da Arc, masu tashi jim kaɗan bayan ƙwayar jijiya ta yi aiki.

Abin da ke gabana shi ne bayanan da aka auna ƙwayar jijiya ɗai-ɗai. Na saka R, manhajar lissafin bayanai, a laftof, amma laftof ɗin tana nishi da zarar fayil ya yi nauyi. Duk wanda ya iya tsakuro ɗan kaso daga babban fayil, don Allah ya nuna min yadda ake yi.