Godiya ga waɗanda suka ba uwar 'ya'yana jininsu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau kwana 12 ke nan da mai ɗakina ta sauka, an samu 'ya mace, kuma uwa da 'ya suna gida lafiya, alhamdu lillahi. Waɗanda suka zo suna sun ga an yi shi a tsaitsaye, ba taro ba guɗa, wasu har suka yi ƙorafin ba a gayyace su ba. Ku yi haƙuri. Ranar sunan kwananta biyu kacal da baro gadon asibiti, ko zama ba ta iya yi sai an jingina ta da filo.

Bari in fara da laifina kafin in gode wa kowa. Wannan haihuwarta ta shida ce, biyar ɗin farko duk a ɗakinta ta yi su, ko allura ba a taɓa yi mata ba. Da aka ce mata a wurin awo jininta ya yi ƙasa, ta tabbata ta haihu a asibiti, ni ne na ce ai ta saba. Ashe mahaifar da ta sha ɗaukar ciki ita ce ta fi saurin saki bayan haihuwa, ta kasa tsukewa ta tsayar da jini. Wannan a barandar asibiti na koye shi, ina tsaye da takalmi wari da wari.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare yarinya ta faɗo, na ji kukanta daga zaure, har na yi sujudar godiya. Mabiyya ce ta yi gardama. Tsofaffi suka yi irin tasu dabarar, aka tura mata muciya a baki don ta yi yunƙurin amai, aka turara barkono don ta yi atishawa. Mabiyyar ta fito daga baya, sai dai ashe wani guntu ya maƙale a ciki. Ni dai abin da na gani shi ne zannuwa. Ƙanwarta ta fito da na farko ta jefa a baho, ta fito da na biyu, da ta fito da na uku na ga hannunta yana rawa. Na leƙa ɗakin, na tarar leɓen matata ya yi fari fat, tana cewa, “Malam, duhu nake gani, a ba ni ruwa.”

Godiyata ta farko ga Inna ungozoma. Mutane suna yawan ɗora wa ungozomomi laifi, wani lokacin da gaskiyarsu, amma wannan tsohuwa ita ta dube ni ta ce, “Wannan jinin ya fi ƙarfina, ɗauke ta yanzu.” Da wata ce, da ta ce a ɗan jira a gani don kada a ce ta gaza.

Sai maƙwabcina mai adaidaita sahu, wanda na yi ta dukan ƙofarsa har ya fito da singileti bai tambaye ni ko sisi ba. Da 'yan sintirin unguwarmu da suka buɗe mana shinge, ɗaya ya hau babur ya shige gaba yana haska mana hanya. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa a rufe muka same shi, mai gadi kaɗai ne a ciki. Ba zan tsaya a kan wannan ba, Allah ya gyara.

A babban asibiti wata sista ce ta karɓe mu, ban san sunanta ba har yau. Ba ta tsaya tambayar kati ba. Ta kafa ƙarin ruwa a hannu biyu, ta yi mata allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, ta ɗora hannu a mararta tana murzawa da ƙarfi, ta aika a taso likita. Shi ya ciro guntun mabiyyar. Ta yi mini faɗa kamar ɗan da ta haifa, na kuwa sunkuyar da kai, don na cancanci faɗan. Ita ce ta faɗa mini cewa idan jinin mai haihuwa ya kai rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, to an shiga haɗari. Na tuna da bahon da muka baro a tsakar gida, sai gwiwata ta yi sanyi.

Daga baya ɗiyar yayana da ke karatun aikin jinya ta ba ni labarin wani bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, har da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta, jinin ya taru a ciki, a ga adadinsa da ido, a haɗa mata magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunan zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Mu kuma muna can muna ƙirga zani.

Yanzu ga waɗanda saboda su na zauna rubutun nan. Likita ya ce sai an nemo jini leda huɗu, kuma wanda ke ajiye a asibitin leda ɗaya ce ta dace da ita. Rukuninta O ne, mai O kuwa ba ya karɓar jinin kowa sai na mai O irinsa. Na miƙa hannuna aka gwada, ni B ne. Shekara 16 muna tare, ban taɓa sanin haka ba. Na rubuta a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan makaranta da ƙarfe huɗu saura, ƙanena kuma ya garzaya masallaci, liman ya yi sanarwa bayan sallamar asuba. Kafin gari ya waye sarai mutum tara suna kan benci a ƙofar ɗakin gwaji, wani da carbi a hannu, wani da kayan sana'arsa. Akwai tela da muka yi shekara biyu ba ma ga maciji saboda ɗinkin sallah. Shi ne na biyu a layi, jininsa kuma ya dace. Malam tela, na yafe wandon, kai ma ka yafe mini bakina.

Waɗanda aka gwada aka ce nasu bai dace ba, ladanku yana nan, tahowar ita ce abin. Biyu aka samu a cikin taran, saura leda ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini yana sahun gaba a abin da ke kashe su. Na sha jin irin wannan lissafi a rediyo ina shan shayi. A kwana biyar ɗin da muka yi, na ga an naɗe katifar gadon da ke kusa da namu, na ga wani magidanci tsarana ya fito rungume da jariri a tawul, ba uwar. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Surukata da ta kwana biyar a kan tabarma, matan unguwa da suka riƙe mini yara suna kai su makaranta, abokan kasuwa da suka haɗa kuɗin magani ban roƙa ba, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Masu zuwa barka, a daure a zo bayan la'asar, tana yawan gajiya. Iyayenmu mata kuma, likita ya hana kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa saboda zuciyarta, don Allah a bar ja mata rai a kan haka, umarnin ba nata ba ne.

Leda ta huɗun daga wani saurayi ta fito, dogo, baƙi, da farar jallabiya. Jinyar mahaifinsa yake yi a ɗakin maza, ya fito sayen ruwan zafi da filas a hannu, ya ji ina faɗa wa ƙanena saura ɗaya. Ya ce, “Baba, ni O ne.” Ya shiga, aka ɗiba, na tafi sayo masa madara, kafin in dawo ya tafi. Washegari na bi gado-gado a ɗakin maza, aka ce an sallame su tun safe. Idan rubutun nan ya iso gare ka, ko ga wanda ya san ka, ka yi mini magana ta akwatin saƙo. Mai jego ta ce tana son ta gaishe ka da bakinta, filas ɗinka kuma da ka manta a kan benci yana wurina.