Yadda Rodin Yake Kama Motsin Jiki da Fensir da Fentin Ruwa

Masassaƙin nan na Faransa, Auguste Rodin, a zamaninsa ba ya sa wanda yake zanawa ya tsaya cak. Barinsa yake ya yi ta kai-komo a ɗaki, idonsa na kan jikin, fensir na gudu ba tare da ya leƙa takarda ba. Shi ya sa wani sa'in ƙafa kan fito biyu, ko hannu ya zarce bakin takarda. A 1906 ya bi 'yan rawar Kambodiya daga Paris har Marseille, ya yi musu zane kusan 150.

Fenti daga baya yake zuwa. Mai son gwadawa ya ja layin cikin daƙiƙa talatin, ya fara da ƙashin baya da ƙafar da ta ɗauki nauyi. In waɗannan suka karkace, sauran aikin banza ne. Sai ya dama fenti mai launin jan ƙasa kaɗan da ruwa har ya yi tsararo, ya shafa sau ɗaya da babban burushi daga kafaɗa zuwa ƙasa. In launin ya tsallake layi, a ƙyale shi, a ganina nan ne motsin yake fitowa.

Ɓarna ta fi zuwa daga komawa da jiƙaƙƙen burushi kan wurin da ya fara bushewa: ruwan zai ture launin gefe, ya bar tabo mai duhun baki. Takarda mara kauri kuma takan tattare, ruwa ya taru a kwarinta. Mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita ta fi jurewa. Kar a yi goge-goge kafin fenti, wurin da aka kurje yakan sha launi ya yi duhu.