Bafaranshen da ya hana ni barci

Daren jiya an ɗauke wuta a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura, zafi kamar a gasa mutum. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kunna wani tsohon fim da ƙanina ya tura mini a waya: La Grande Illusion na darakta Bafaranshe Jean Renoir, na 1937. Baƙi da fari ne, har na so in kashe.

Abin da ya riƙe ni shi ne babu mugu a ciki. Hafsan Jamus ya harbi fursunan yaƙi Bafaranshe, sannan ya zauna gefen gadonsa yana ba shi haƙuri. Da Bafaranshen ya cika, sai hafsan ya je taga ya yanke furen nan ɗaya tilo da yake rainonsa. Wallahi sai da na ajiye wayar.

Renoir ya san yaƙi, domin harsashi ya same shi a ƙafa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rayu yana ɗingishi. Mahaifinsa shahararren mai zane ne. Shi kuwa Jean har Indiya ya je ya ɗauki fim ɗinsa na 1951, mu da muke ganin mun gama sanin finafinan Indiya.

Uwargida ta leƙo: “Malam, kuka kake yi?” Na ce hayaƙin maganin sauro ne.