A ina aka ajiye fitilar?

Mu huɗu ne muke wannan abin, duk daren Asabar a shagon wani abokinmu mai editin ɗin bidiyon biki. Kowa sai ya zo da abin da ya samo a filas ɗinsa, wani guntun tsohon fim wani kuma hotunan da ya yanko, mu zuba a folda ɗaya kowa ya kwafa. Abin da muke yi kawai shi ne mu tsayar da hoto, kowa ya faɗi inda yake ganin an ajiye fitila, kuma wallahi musun da ake yi a kan wannan ya fi na ƙwallo zafi.

Fim ɗin da ya fara kama ni shi ne The Third Man na 1949, wanda Robert Krasker ya ɗauka a birnin Vienna bayan yaƙin duniya na biyu, har ya ci kyautar Oscar da shi. Akwai wajen da mutum yake laɓe a bakin ƙofa cikin duhu, ba ka ganin komai sai takalmansa da wata mage, kawai sai aka kunna wuta a wata taga ta sama hasken ya faɗo a fuskarsa, wato ɗan wasa Orson Welles. Mun maimaita wajen nan ya fi a ƙirga. Titunan ma jiƙa su ake yi da ruwa kafin ɗauka don duwatsun su riƙa ƙyalli, ni da na ɗauka ruwan sama aka yi.

Shi haske mai kaifi ba wani sirri ba ne, in fitila ƙarama ce ko tana nesa kuma ba a tare ta da komai ba, inuwa za ta fito da baki tsaf kamar an yanka da reza, irin ta tsakar rana. In ka sa mata farin ƙyalle a gaba sai ta yi laushi. Wahalar ita ce mai kaifin ba ya rufa asiri, ka ɗan gusar da shi kaɗan inuwar hanci ta haye leɓe, shi ke nan fuska ta ɓaci. Shi ya sa nake ganin girman masu ɗaukar fim irin su John Alton, wanda ya rubuta littafin Painting with Light a 1949, muna karanta shi shafi-shafi, wanda Turancinsa ya fi ƙwari ya yi mana bayani.

Mu da muka tashi da kallon Indiya kuwa sai da muka ji kunya da muka gane ba mu san V. K. Murthy ba, shi ya ɗauki fim ɗin Kaagaz Ke Phool na darakta Guru Dutt a 1959, ya janyo hasken rana cikin situdiyo da madubai, ya sauko miƙe kamar sanda a tsakanin mutum biyu.

Satin da ya wuce da aka ɗauke wuta na ce wa ƙanena, "Auta zo ka tsaya mini a zaure." Na ɗora tocila a kan katanga, na sa shi yana juya kai a hankali har inuwar hancinsa ta sauka gefe ta haɗe da ta kunci, goshinsa kuwa sai ƙyalli yake saboda zufa, dole na ba shi tawul ya goge muka sake. Hoton yana cikin foldar yanzu, biyu daga cikin abokan nawa sun canki inda na ajiye tocilar, ɗayan har yau yana cewa daga ƙasa na haska.