Gilashi ya yi gumi a damina: yadda AC da hita ke aiki tare

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya zauna a Sakkwato, aka kawo mini wata Corolla da ƙorafi guda: da an fara ruwan sama sai gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Mai ita ya ce a hanyar Tambuwal da hannu ɗaya ya yi tuƙi, ɗayan yana goge gilashi da hula. Na ce, "Alhaji, kana kunna AC in haka ta faru?" Ya ce, "Haba, cikin wanga sanyi? Ai kashe ta nika yi in rufe tagogi."

Yawancinmu mun ɗauki AC a matsayin maganin zafin Afrilu kawai. Amma tana da aiki na biyu, wato tsotse danshi daga iska. Ka ɗauko kwalbar lemo daga firji ka ajiye, nan da nan za ka ga jikinta ya yi gumi, domin ruwan da ke cikin iska yana kwanciya a kan abin da ya fi ta sanyi sosai. Haka gilashin mota yake yi idan ruwan sama ya sanyaya shi daga waje, alhali a ciki mutum biyar suna numfashi, ga jiƙaƙƙun riguna da takalma. A bayan dashbod akwai ibaforeta, wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto, wanda gas ke sanyaya shi ya sauko kusan digiri 2 zuwa 5. Iskar da fanka ta turo ta cikinsa takan bar ruwanta a jikinsa, ruwan ya bi wani siririn tiyo ya ɗiga ƙarƙashin mota. Ruwan nan da kake gani a ƙasa in ka yi fakin, shi ne danshin da da a gilashinka zai kwanta.

Bayan ibaforeta sai ƙaramin lagireton hita. Shi ba ruwansa da gas. Ruwan injin ne mai zafi, wajen digiri 85 zuwa 95, yake ratsa shi. Tsakaninsu akwai wani ƙyaure da ke raba iska. Idan ka murɗa maɓalli zuwa shuɗi, ƙyauren ya tare hanyar hita; ka murɗa zuwa ja, ya tura iskar ta cikinta. Saboda haka kunna AC da hita a lokaci guda ba faɗa ba ne. Iska ta fara bushewa a ibaforeta, ta ɗumama a hita, ta fito a bushe da ɗumi, kuma irin wannan iskar ce ke shanye gumin gilashi cikin minti ɗaya ko biyu. Shi ya sa motoci da yawa, da ka danna maɓallin difros, wato na share gumin gilashin gaba, mai hoton gilashi lanƙwasasshe da kibiyoyi uku, suke tayar da kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, da kansu, wasu ma ba tare da fitilar AC ta kama ba. Direbobi kan ji injin ya ɗan sauya murya su zaci waya ce ta haɗu. Ƙirar ce haka.

Ga yadda na bi motar Alhaji. Na tayar da injin, na sa difros, fanka a ƙarshe, na buɗe bonet na dubi fuskar kwamfuresa. Kulocinta ya kamata ya yi ƙas ya kama, tsakiyar ta riƙa juyawa tare da bel. Ta kama, ta saki bayan daƙiƙu kaɗan, ta sake kamawa. Wannan yawan kamawa da saki alamar ƙarancin gas ce. Gejin auna matsin gas ya tabbatar: ɓangaren ƙaramin matsi yana faɗowa ƙasa da 20 a ma'aunin psi, alhali a yanayinmu ana son ganinsa tsakanin 30 da 45, babban kuma wajen 150 zuwa 250 gwargwadon zafin rana. Na sami yoyon a wata roba ta mahaɗar bututu kusa da kondensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, inda mai ya jiƙe ƙura ta manne. Na canza robar, na zuƙe iskar da ke cikin layin da injin zuƙa na minti 30, sannan na zuba gas, nau'in R134a, da ma'auni. Adadin yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 da 600 suke sha. Masu ɗura gwangwani biyu da ido suna cewa "ƙara masa ya yi sanyi" su ne ke kashe kwamfuresa, domin gas in ya yi yawa matsi yake hawa, sanyin ma ya ragu.

Sanyi ya dawo, amma da na murɗa zuwa ja sai iska ta ƙi ɗumi. Na leƙa bayan injin, inda tiyo biyu ke shiga jikin mota zuwa hita, sai na tarar an cire su an haɗe bakinsu da guntun bututu. Wannan aikin ya zama ruwan dare a garejojinmu: hita ta fara yoyo, maimakon a kwance dashbod, sai a zagaye ta a ce me za ka yi da hita a Sakkwato. An kuma cire tamostat, wai don kada injin ya yi zafi. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tamostat shi ke riƙe ruwa har ya kai wajen digiri 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, da asubar hunturu sai ka kai Bodinga allurar zafi ba ta ɗaga ba, injin yana shan mai fiye da kima, hita kuma ba ta da abin da za ta bayar.

Mun sa wata hitar, mun mayar da tamostat, muka wanke layin ruwa. Abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa, tsatsar ruwan rijiya da aka daɗe ana zubawa. Ita ce ke cin hita tun farko, don ramukanta ƙanana ne. Kulant ake zubawa, wato ruwan sanyaya injin mai hana tsatsa, in mai kauri ne a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Gwajin mai sauƙi ne: injin ya ɗumama, ka taɓa tiyo biyun da hattara. Duka da zafi, ruwa na wucewa. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, hita ta toshe. Duka da zafi amma iska ba ɗumi, to ƙyauren ne ko ƙaramar na'urar lantarki da ke juya shi, wadda kan yi ƙas-ƙas a bayan dashbod in haƙoranta sun cinye.

Kuskuren da ni kaina na yi shi ne mantawa da matatar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja. Komai ya gyaru amma iskar da ke hawa gilashi ba ƙarfi. Da na zaro ta, ƙurar hunturun bara ce ta toshe ta kamar bulo. A garin nan kada ta wuce shekara, kuma ƙarshen hunturu ne lokacin canza ta.

Abin da na nuna wa Alhaji kafin ya tafi: difros, AC a kunne, fanka sama, zafi tsaka-tsaki ko ɗan ja kaɗan, sannan a kashe maɓallin da ke juya iskar ciki, mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya. Wannan maɓallin yana da amfani a zafin bazara da cikin ƙura, amma a ruwan sama numfashinku yake ta mayar muku. Gilashin baya kuwa ba iska ke share shi ba, siraran layukan wuta ne a jikinsa, da nasu maɓalli mai hoton murabba'i. Kada a kankare su da reza wajen cire sitika.

Akwai gumin da ke yaudara. In ka daɗe kana hura iska mai tsananin sanyi a gilashi cikin damina, sai ya yi gumi daga waje, ƙasa-ƙasa kusa da bakin iskar. Kaɗa waifa sau ɗaya: in ya goge, na waje ne, sai ka ƙara ɗumi ko ka mayar da iskar fuska da ƙafa. Idan kuwa gumin na ciki ne, yana da maiƙo a yatsa, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kafet ɗin gaba kuma ya jiƙe, kulant ne ke fita daga hita, kuma kowane danna difros ƙara shafa shi yake a gilashi. Duba robar ajiyar kulant da safe kafin a tayar da injin, ka sa mata alama da biro, ka sake dubawa bayan kwana uku.