Laraba, Birnin Kebbi: falash ɗin Windows 7 mai direbobi a ciki

Aikin yau guda ne, amma ya cinye yinin. Wani mai shagon buga kati da sitika a gefen babbar kasuwa ya sayo kwamfutar gwanjo mai Intel ƙarni na shida, ga SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, sabon samfurin da ake kira NVMe, a ciki, alhali direban injinsa na yankan sitika, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane injin, bai wuce Windows 7 ba. Na ce masa, "Alhaji, Microsoft ta daina kula da wannan tun 14 ga Janairu 2020." Ya ce shi dai inji ya yi yanka. Na karɓa bisa sharaɗin kwamfutar ba za ta riƙa hawa intanet ba.

Windows 7 ya fito a 2009, SP1 a 2011, kuma babu direban USB 3.0 a cikinsu. Allunan Intel jerin 100 da suka zo a 2015 sun yar da EHCI, tsohon tsarin sarrafa USB, suka bar xHCI kaɗai, wanda sai da direban USB 3.0 yake aiki. Shi ya sa falash ɗin loda Windows 7 zai tashi lafiya lau har shafin zaɓen harshe, sai kibod da maus su mutu murus. Idan kibod ɗin ya tsira, sai saƙo ya fito cewa ba a ga direban CD/DVD ba. Nan ake ɗora wa falash laifi, a sake sayen wani, a sake ganin saƙon. Falash lafiyarsa ƙalau.

Maganin shi ne a cusa direbobin a cikin fayilolin lodin tun kafin a sa su a falash. Kayan aiki: ISO, wato kwafin faifan lodi, na Windows 7 SP1 mai bit 64, falash mai giga 16, kwamfuta mai Windows 10 saboda DISM ɗinta, manhajar da ake gyara fayilolin lodin Windows da ita, da sarari kamar giga 25. Direban USB 3.0 na Intel a warware shi har a ga fayilolin .inf, domin DISM ba ta karɓar .exe. Sai faci biyu, wato gyare-gyaren Microsoft da ke sa Windows 7 ya gane NVMe, KB2990941 da KB3087873.

Da safe na kwafe ISO zuwa C:\w7, na buɗe C:\mount babu komai a ciki. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne boot.wim, fayil ɗin da falash ke tashi da shi, don hoto biyu ne a cikinsa, wato kwafin tsari biyu daban-daban. Na ɗaya WinPE ne, ƙaramin Windows na fara aiki, na biyu shi ne Setup ɗin da ake gani. Da umarnin DISM, kowanne a ɗora shi a C:\mount da /Mount-Wim, a sa faci da /Add-Package, a sa direba da /Add-Driver /Recurse, a sauke da /Unmount-Wim /Commit. Kafin a sauke na biyun akwai abin da ba a tsallakewa: facin NVMe yana sabunta setup.exe da wasu fayiloli a foldar sources ta cikin hoton. A jera su bisa kwanan wata, a kwafo sababbin zuwa C:\w7\sources. In ba haka ba, na ciki da na waje ba su dace ba, kuma saƙon CD/DVD ɗin nan zai dawo duk da direba na nan.

Bayan azahar na shiga install.wim, fayil ɗin da ke ɗauke da ainihin Windows ɗin da za a loda. A ISO mai bit 64, Professional shi ne lamba 3, Ultimate lamba 4, amma a tabbatar da /Get-WimInfo. Masu gyara boot.wim kaɗai sukan ga an gama lodi tsaf, kwamfuta ta sake tashi, ta tsaya a shafin rubuta suna ba kibod. Don haka nan ma direba da facin NVMe su shiga. Tsari kuma yana da muhimmanci: KB3020369 tukuna, shi kaɗai, sannan babban ƙunshin KB3125574 na 2016, don ba ya shiga sai wancan ya riga shi. Na ƙara KB4474419 na SHA-2, sabon tsarin sa hannun tantancewa, tunda direbobin baya-bayan nan da shi ake sa musu hannu.

Babban ƙunshin yana ɗaukar lokaci, wani sa'in ya tsaya cak kamar ya mutu. A bar shi. Amma kada a fara shi sai batir a cike ko janareta na aiki, musamman a wannan zafin da fanka ke ihu. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a gudanar da /Cleanup-Wim, a dawo da kwafin install.wim na asali, a sake daga farko. Haka kuma a rufe duk tagar da ta buɗe C:\mount kafin saukewa, in ba haka ba DISM ta ƙi.

Install.wim kan haura giga 4 bayan wannan, tsarin fomat na FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka. Ko a raba shi da /Split-Image zuwa install.swm, ko a yi wa falash fomat da NTFS. Na zaɓi NTFS. Na goge fayil ɗin ei.cfg daga sources don jerin nau'o'in Windows ya bayyana, sai dai lamba 3 kaɗai ke da gyaran.

A BIOS na kashe Secure Boot, na kunna CSM, saitin da ke kwaikwayon tsohon BIOS, don Windows 7 kan maƙale a tambarinsa idan babu shi. Dab da magariba Setup ya ga SSD, maus na motsi. Gobe saura direban allo da na injin yanka.